Daga Ingirici zuwa Taga: Abin da Mai Sayen Gida Yake Biya wa Kuɗi a Tsaunukan Suwizalan

Duk shekara cikin watan Janairu, idan shugabannin ƙasashe da manyan attajirai suka hallara a Davos domin taron tattalin arzikin duniya, akan nuna mana wani ɗan gari a cikin kwari, dusar ƙanƙara ta lulluɓe rufin gidajensa. Garin yana jihar Graubünden a gabashin Suwizalan, a tsayin mita 1,560 daga doron teku, mazaunansa kuma kimanin 11,000 ne. Gidajen da ke irin waɗannan garuruwa na tsaunukan Alps, kamar St. Moritz da Verbier da Zermatt da Gstaad, suna cikin mafi tsada a nahiyar Turai. Amma a farkon ƙarni na 19 waɗannan kwaruruka wuraren talauci ne. Samarinsu kan fita neman abinci, wasu su shiga sojan haya a rundunonin sarakunan ƙetare, wasu kuma, musamman 'yan Graubünden, su buɗe shagunan alewa da kayan zaƙi a biranen Turai.

Duwatsun suna nan inda suke. Abin da ya sauya shi ne abin da mai neman gida yake so daga gare su. A cikin shekaru ɗari shida wannan buƙata ta juya sau uku, daga ciyawa da tsaro zuwa iska, daga iska zuwa dusar ƙanƙara, daga nan zuwa abin da ido ke hangowa ta taga. Duk juyin da aka yi yakan ɗauke daraja daga wani ɓangaren gangaren ya mayar da ita wani, ya arzuta wasu ya kori wasu. A yanzu kuma alamu suna nuna cewa lissafin farko, na manomin da aka daɗe da mantawa da shi, yana dawowa kasuwa.

Lissafin manomi

A ƙarni na 13 wasu manoma masu jin Jamusanci, waɗanda ake kira Walser, suka riƙa tasowa daga yankin Valais suna sare daji suna kafa ƙauyuka a manyan tuddai, har suka iso Davos. Tambayar da ke gaban irin wannan manomi ita ce yadda iyalinsa da shanunsa za su ga ƙarshen hunturu, wanda a can yakan kai wata shida. Darajar gida tana rataye ne a kan yawan ingiricin da gonar da ke kewaye da shi za ta bayar, domin saniyar da ba ta da abincin hunturu sai yanka ko sayarwa.

Ƙauyen Törbel da ke Valais ya bar mana shaida a rubuce. A ranar 1 ga Fabrairu 1483 mutanen ƙauyen suka sa hannu a kan wata yarjejeniya wadda ta ce baƙon da ya sayi fili ko gida a garin bai sayi haƙƙin kiwo a makiyayar gari ba, bai kuma sayi izinin sare itace a dajin gari ba. A 1517 suka ƙara wata ƙa'ida, cewa kada kowa ya kai shanu makiyayar tudu fiye da adadin da zai iya ciyarwa da hunturu. Waɗannan ƙa'idoji suna cikin misalan da Elinor Ostrom ta kafa hujja da su a bincikenta kan dukiyar da al'umma ke mallaka tare, binciken da ya sa ta samu kyautar Nobel a 2009. Abin da ya shafe mu a nan shi ne cewa bango da rufi su ne ƙaramin kaso na darajar gida. Babban kason yana cikin zama ɗan gari, wanda kuɗi kaɗai ba ya saya.

Bayan ciyawa sai rana. A kwari mai zurfi, ɓangaren da ke fuskantar kudu yakan samu rana, ɗaya ɓangaren kuwa yakan shafe makonni a inuwa. Ƙauyen Viganella da ke ɓangaren Italiya na waɗannan tsaunuka ba ya ganin rana tun daga tsakiyar Nuwamba har farkon Fabrairu, abin da ya sa a 2006 aka kafa wani ƙaton madubi a kan dutse domin ya haska dandalin garin. Saboda haka tsofaffin ƙauyuka sun fi yawa a ɓangaren rana, a tsakiyar gangare. Ƙasan kwari ba wurin zama ba ne a lokacin, domin fadama ce mai ambaliya da sauro, kuma sai a 1863 aka fara babban aikin daidaita kogin Rhone. Sai kuma ruwa. Valais yanki ne mai ƙarancin ruwan sama, don haka mutanensa suka riƙa jawo ruwan narkakkiyar ƙanƙara ta magudanai masu tsawon kilomitoci, wasu na katako a rataye a jikin dutse, kowane gida da lokacinsa na ban-ruwa.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne tsaro daga zaftarewar dusar ƙanƙara, wato lokacin da tarin dusar da ke kan gangare ya ɓalle ya gangaro da ƙarfin da ke tumɓuke itatuwa. A 1397 mutanen Andermatt suka rubuta dokar da ta haramta taɓa kurmin da ke saman garinsu, har da tsintar itacen wuta, domin itatuwan ne ke riƙe dusar. Kurmin yana nan har yau. A Frauenkirch, kusa da Davos, an gina wa cocin garin wani bango mai tsini kamar bakin gatari a ɓangaren da ke fuskantar dutse, don ya raba dusar gida biyu idan ta taho. Gidaje kan cuɗu wuri guda a inda kakanni suka tabbatar ba a taɓa yin ɓarna ba. Bangayen suna da kauri, tagogin kuma ƙanana ne, domin duk faɗin taga zafin ɗaki ne ke fita. Rumbunan hatsi a Valais an ɗora su a kan ƙafafun katako, da faffaɗan dutse a saman kowace ƙafa don hana ɓera hawa. A cikin wannan lissafi gaba ɗaya babu gurbin kallon ƙololuwar dutse. Mutumin da ya san labarin Goldau, inda a 1806 dutse ya zaftaro ya kashe mutum 457, ba ya buƙatar taga da za ta riƙa tuna masa.

Yadda dutse ya zama abin kallo

Sha'awar tsauni daga birni ta zo. A 1729 Albrecht von Haller, wani masani ɗan Bern, ya rubuta doguwar waƙa yana yabon Alps da rayuwar mutanenta, sannan a 1761 littafin Rousseau mai suna Julie ya cika zukatan masu karatu a Turai da begen tabkuna da tuddan Suwizalan. A 1786 aka fara hawa ƙololuwar Mont Blanc. A 1857 aka kafa ƙungiyar masu hawan tsauni a Landan, a 1863 kuma Thomas Cook ya kawo ayarinsa na farko na 'yan yawon buɗe ido. Bayan shekara biyu Edward Whymper da abokan tafiyarsa suka hau Matterhorn, huɗu daga cikinsu suka mutu a hanyar saukowa, kuma wannan mutuwar ce ta sa sunan Zermatt ya shiga bakin duniya.

Wannan sha'awa ta girma ne tare da masana'antu. Yayin da biranen Ingila da Jamus suka cika da hayaƙin kwal da cunkoso, sai masu hali suka fara ganin tsauni a matsayin kishiyar duk abin da ya dame su a gida. Har ɗakin katakon makiyayi, wanda ake kira chalet, ya zama abin ado. An gina irinsa wa 'ya'yan Sarauniya Biktoriya a gidanta na Osborne a shekarun 1850. Sai dai a wannan zamani baƙi ba su fara sayen gidaje ba tukuna. Otal suke sauka da bazara, su koma kafin sanyi ya kama. Abin da ya fara zaunar da su shi ne ciwo.

Cinikin iska

A ƙarni na 19 tarin fuka yana cikin manyan cututtukan da ke kashe Turawa, kuma ba shi da magani. A 1853 wani likita Bajamushe mai suna Alexander Spengler, wanda ya gudo daga ƙasarsa bayan juyin juya halin 1848, ya kama aiki a Davos. Ya lura cewa cutar ba ta cika kama mutanen kwarin ba, ya kuma danganta hakan da busasshiyar iskar tudu da hasken rana. A Fabrairun 1865 majinyata biyu na farko suka zo domin su yi hunturu. Wani ɗan Holan, Willem Jan Holsboer, ya kawo matarsa jinya a 1867. Ta rasu, amma shi ya zauna, ya zuba jari a masaukin majinyata, ya kuma jagoranci aikin layin dogon da ya iso Davos a 1890.

Daga nan garin ya koma babban asibiti. Karl Turban ya buɗe gidan jinyarsa mai tsauraran dokoki a 1889, aka buɗe na Schatzalp a 1900. Jinyar ita ce majinyaci ya kwanta a kan doguwar kujera a baranda, a naɗe cikin bargo, na tsawon sa'o'i kowace rana, ya ci abinci mai maiƙo, ya jira. Wasu sukan shafe shekaru. Marubuci Robert Louis Stevenson ya yi hunturu biyu a garin a farkon shekarun 1880. Thomas Mann ya ziyarci matarsa a can a 1912, kuma daga wannan ziyara ce ya samo littafinsa Der Zauberberg da ya fito a 1924.

Wannan sabuwar buƙata ta sauya fasalin gini. Gida mai daraja ya zama wanda ke da faffaɗar baranda mai fuskantar kudu, da manyan tagogi, da wurin da iska mai ƙarfi ba ta kaɗawa. Shimfiɗaɗɗen rufin da aka san Davos da shi ya samo asali daga wannan zamani. Manomi da majinyaci duk rana suke nema, amma manomi yana nemanta ne don gonarsa, majinyaci kuwa don ƙirjinsa, kuma majinyacin yana iya biyan abin da gonar ba za ta taɓa bayarwa ba. A karo na farko aka fara auna filin gangare da wani ma'auni wanda ba ingirici ba.

Wannan tunani na cewa tudu lafiya ne bai tsaya a Turai ba. Turawan mulkin mallaka sun ɗauke shi zuwa ƙasashen zafi. Daga 1864 Simla ta zama mazaunin gwamnatin Ingila a Indiya a lokacin zafi. A Nijeriya ma, bayan kuzar da ta jawo su, sanyin tudun Jos mai tsayin kimanin mita 1,200 ya sa Turawa suka mayar da garin wurin hutu da murmurewa. Tsofaffin mazauna irin waɗannan duwatsu kuwa, a Filato ko a Mandara, sun hau su ne da farko domin tsira daga mahara.

Cinikin iska ya mutu ne a ɗakin gwaje-gwaje. Robert Koch ya gano ƙwayar cutar tun 1882, amma sai a 1943 aka samu maganin streptomycin, a 1952 kuma isoniazid ya shiga asibitoci. Cikin 'yan shekaru gidajen jinya suka zama kufai. Garin Leysin, inda likita Auguste Rollier ya fara jinya da hasken rana a 1903, ya rasa sana'arsa gaba ɗaya, har sai da kamfanin Club Med ya buɗe masaukinsa na farko na hunturu a can a 1956. Wanda ya zuba dukiyarsa a baranda ya wayi gari da ginin da ba mai bukata, sai fa idan ya samo masa wani sabon baƙo.

Dusar ƙanƙara ta zama jari

Sabon baƙon yana nan kusa. Ana ba da labarin cewa a 1864 wani mai otal a St. Moritz, Johannes Badrutt, ya gayyaci baƙinsa 'yan Ingila su dawo da hunturu, da alƙawarin zai biya kuɗin tafiyarsu idan ba su ji daɗi ba. Ko yaya labarin yake, daga wannan lokaci garin ya zama cibiyar wasannin hunturu, har ya karɓi baƙuncin gasar Olamfik ta hunturu sau biyu, a 1928 da 1948. Arthur Conan Doyle, wanda ya kawo matarsa jinya Davos, ya ƙetare tsauni zuwa Arosa a kan katakon zamiya a 1894, ya kuma rubuta labarin tafiyar ga masu karatun Ingila. A Disambar 1934 aka kafa a Davos wata na'ura da ke jan mai wasan zamiya zuwa sama a kan igiyar ƙarfe. Da zarar an cire wahalar hawa, wasan ya fita daga hannun 'yan ƙalilan masu juriya ya zama na jama'a.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu arziki ya yalwata a Yammacin Turai, motoci suka yawaita, ma'aikata suka samu hutu da albashi. Sai kuma wata doka da ba a cika ambatonta ba, alhali tana cikin abubuwan da suka fi sauya fuskar tsaunukan. Daga 1 ga Janairu 1965 dokar Suwizalan ta ba mutum damar mallakar sashe guda a cikin bene, ba sai ya sayi ginin duka ba. Likita a Zurich ko lauya a Milan yana iya sayen ɗakuna biyu a kan tudu. Makiyayar da ke saman kwarin Bagnes, inda a da sai bukkokin makiyaya, ita ce ta zama Verbier.

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Jerin abubuwan da mai saye ke tambayar dillali ya koma wani daban. Minti nawa ne daga ƙofar gida zuwa tashar na'urar hawa? Sa'a nawa ne daga filin jirgin saman Geneva ko Zurich? Me ake hangowa daga falo? Dusar da kakanni suka gina rayuwarsu a kan gudunta ta zama ita ce ake biya don a kusance ta. Taga ta faɗaɗa har ta cinye bango, tunda man fetur da lantarki sun ɗauke nauyin ɗumama ɗaki. Gida ya fita daga tsakiyar ƙauye ya hau keɓaɓɓen gangare, domin sabon mai gida kaɗaici yake so da sararin kallo. Sau da yawa filayen da suka fi kyan kallo su ne waɗanda mutanen gari suka bari ba gini tun kaka da kakanni, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Gadaje masu sanyi

Gwamnatin tarayya ta fara damuwa da masu saye daga ƙetare tun 1961, lokacin da aka wajabta musu neman izini. Aka riƙa tsaurara dokar har zuwa wadda aka kafa a 1983, wadda a yau ake kira Lex Koller. A ƙarƙashinta, gidajen hutun da za a iya sayar wa baƙi mazauna ƙetare ba sa wuce 1,500 a shekara a ƙasar baki ɗaya, girman kowanne kuma bisa ƙa'ida ba ya wuce murabba'in mita 200. Akan yi togaciya idan buƙata ta taso. Lokacin da sojoji suka rage zamansu a Andermatt garin ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, sai aka ɗage wa attajirin nan ɗan Masar, Samih Sawiris, wannan doka domin ya gina sabuwar unguwa ta otal-otal da gidajen hutu. Garin da ya hana ɗan gari tsintar itace a 1397 shi ne ya buɗe ƙofa ga mai saye daga kowace ƙasa.

Amma yawancin masu gida na biyu 'yan ƙasa ne, waɗanda wannan doka ba ta shafa ba. A garuruwa da dama fiye da rabin gidaje suka zama na hutu, a rufe kusan duk shekara. Mutanen Suwizalan suna kiran su gadaje masu sanyi. Dole gari ya shimfiɗa bututun ruwa da hanyoyi daidai da cunkoson makon Kirsimeti, sannan ya kwana ba kowa a watan Nuwamba. Mai koyar da yara da ma'aikaciyar jinya da mai gyaran famfo suka kasa biyan haya a garin da suke aiki.

A ranar 11 ga Maris 2012 aka kaɗa ƙuri'ar raba gardama kan shawarar da ɗan fafutukar kare muhalli Franz Weber ya gabatar, cewa duk ƙaramar hukumar da gidajen hutu suka kai kashi 20 cikin 100 na gidajenta kada a sake gina wani. Shawarar ta tsallake da kashi 50.6 cikin 100. Mazauna birane ne suka ba ta rinjaye, yayin da a Valais kusan kashi uku cikin huɗu na masu zaɓe suka ƙi ta, domin gini shi ne sana'arsu, kuma sun ga kamar 'yan birni ne ke yanke musu yadda za su zauna a ƙasarsu don su samu wurin kallo.

Dokar da ta fara aiki a 2016 ta bar wata ƙofa a buɗe. Gidan da aka gina ko aka ba shi izini kafin ranar ƙuri'ar ana iya mayar da shi gidan hutu ba tare da wani shamaki ba. Tunda an hana sabon gini, sai masu kuɗi suka juya kan tsofaffin gidajen 'yan gari. Magada uku da suka gaji gidan mahaifinsu a kwarin Engadin sukan tarar babu ɗayansu da zai iya biyan sauran kasonsu a farashin kasuwa, don haka sai a sayar wa baƙo. Annobar korona ta 2020 ta ƙara wa wutar mai, domin aiki daga gida ya sa intanet mai sauri ta shiga jerin buƙatu, mutane kuma suka fara neman gidan da za su zauna watanni. A wannan mataki wani abu da ba a gani da ido ya shiga cikin mafi tsadar siffofin gida, wato matsayinsa a gaban doka. Gidaje biyu masu kama ɗaya a layi ɗaya suna iya bambanta sosai a farashi saboda ɗaya ana iya rufe shi a tafi, ɗayan kuwa dole mazaunin gari ya zauna a ciki. Ta wata fuska an koma Törbel ta 1483, inda haƙƙin da ke manne da gida ya fi ginin daraja, sai dai a wancan lokaci ƙa'idar ɗan gari take karewa.

Ja, shuɗi da rawaya

Duk tsawon wannan lokaci dutsen bai daina tunatarwa ba. A hunturun 1951 zaftarewar dusa ta kashe mutum 98 a Suwizalan, Andermatt na cikin garuruwan da abin ya shafa. A Janairun 1968 ta kashe 13 a Davos kanta, a Fabrairun 1999 kuma 12 a Evolène. Martanin hukuma shi ne shingayen ƙarfe a manyan gangare, da cibiyar binciken dusa da ke Davos, da kuma taswirar haɗari, wadda aka fara zanawa ƙauyen Gadmen a 1954. A yau taswirar tana raba fili da launi. A yankin ja ba a ba da izinin sabon gida, a shuɗi sai da sharuɗɗan ƙarfafa gini, rawaya kuwa gargaɗi ne. Ilimin da a da yake bakin tsofaffi ya koma takardar da banki da kamfanin inshora ke dubawa kafin su sa hannu.

Taswira tana dogara ne da abin da aka sani ya taɓa faruwa, yanayi kuwa yana sauyawa. Suwizalan tana ɗumama da kusan ninki biyu na matsakaicin ɗumamar duniya. A shekarun 2022 da 2023 kaɗai, daskararrun kogunan ƙanƙarar ƙasar sun rasa kashi 10 cikin 100 na girmansu. Wannan yana taɓa kasuwa ta hanya biyu masu karo da juna. Ta fuskar wasa, masana sun ƙiyasta cewa duk ƙarin zafi na digiri ɗaya yana ɗaga iyakar da ake iya dogara da samun dusa da kimanin mita 150, don haka masu saye suna ƙara hawa sama, suna gudun ƙananan tuddai. Ta fuskar tsaro kuwa, a can saman ne ƙanƙarar da ke daskare cikin tsagogin dutse, wadda ke riƙe shi kamar siminti, take narkewa.

A Agustan 2017 wani ɓangare na dutsen Piz Cengalo ya ɓalle, mutum takwas masu yawon tsauni suka mutu, laka da duwatsu suka kwararo cikin ƙauyen Bondo. A Mayun 2023 aka kwashe mutanen Brienz, wani ƙaramin ƙauye da ba shi da nisa da Davos, kuma bayan 'yan makonni dutsen ya zubo ya tsaya dab da gidajen farko. A ranar 28 ga Mayu 2025 ƙanƙarar Birch ta karye ƙarƙashin nauyin duwatsun da suka zubo mata, ta binne kusan kashi 90 cikin 100 na ƙauyen Blatten a Valais, ta kuma toshe kogin Lonza. An riga an kwashe mazaunansa kimanin 300 kwana tara kafin nan, saboda na'urorin sa ido sun nuna dutsen yana motsi. Mutum ɗaya ya rasa ransa. Blatten tsohon gari ne mai ɗaruruwan shekaru, irin wanda kakanni suka zaɓa da idon basira, kuma wannan ne ya sa abin ya girgiza mutane. Ya kuma tayar da batun inshora, domin a jihohi 19 cikin 26 akwai hukumar jiha da ke inshorar gine-gine, amma Valais ba ta cikinsu, kuma dokarta ba ta tilasta wa mai gida yin inshorar gininsa.

Kallo da kusanci da filin wasa ba su daina sayar da gida ba, farashi kuma bai faɗi a manyan garuruwan ba. Amma mai saye mai hankali a yau, kafin ya tsaya a baranda, yakan buɗe taswira ya ga launin filin. Yakan tambayi abin da ke saman gidan, ko kurmi ne ko tsirarren gangare, da inda ruwan garin ke fitowa, da ko hanya ɗaya ce tak ke shiga kwarin. Yakan so ya san ko garin yana da makaranta da kanti da likita a watan Nuwamba, domin gida a garin da ba kowa ba shi da mai share masa dusa ko mai lura da bututunsa. Waɗannan kusan su ne tambayoyin manomin Walser, da bambanci guda mai girma. Shi manomin ya san amsoshin ne domin a nan aka haife shi, kuma yana cikin waɗanda ke gyaran magudanar ruwa da tsaron kurmi. Mai saye na yau yana karanta su a takarda, kuma sahihancin takardar ya dogara da a ce akwai sauran mutane a garin da ke zaune duk shekara suna lura da dutsen, su ne kuma mutanen da tsadar gidaje take ta korarwa zuwa ƙasan kwari.